Fasinjan da Na Ɗauko a Tashar Dapaong

Ban je Dapaong don ina sha'awar garin ba. Na je ne don babu wanda ya san ni a cikinsa.

A Didawure aka haife ni, cikin Sokode, a gidan mahauta. Kakanninmu fatake ne da suka yada zango a nan ba su ƙara gaba ba, mahaifina kuwa tun tashinsa wuƙa da teburin nama ya sani. 'Yan'uwana maza duk sun bi shi kasuwa. Ni kaɗai ya hana. Idan na kai hannu zan taya shi ɗaukar cinya sai ya buge hannun ya ce, "Wannan na alƙalami ne, je ka lakwal." Na yi lakwal har na kai jami'a, na karanta ilimin tattalin arziki, na dawo da lisans, wato digirin farko. Ranar da na dawo Baba ya yanka rago, kuma daga ranar unguwa ta sa mini suna Musye Ekonomi, wato Malam Tattalin Arziki. Da farko daɗi sunan yake mini.

Sai zama ya yi tsawo. Na rubuta jarrabawar shiga aikin gwamnati, ban ga sunana ba. Na sake rubutawa. Na zaga ofisoshi a Sokode, na je Lome na kwana a ɗakin abokai har fuskokinsu suka fara canzawa. Da safe in na fito ƙofar gida sai in ji an ce, "Musye Ekonomi, yau ba biro, ba zuwa ofis?" Ba da mugunta ake faɗa ba, amma kowace rana maganar tana ƙara nauyi.

Kawuna, ƙanen Inna, yana cinikin albasa a Dapaong. Shi ya aiko cewa yana da babur a ajiye, in ina so in zo in riƙa zemijan, wato ɗaukar fasinja, kafin Allah ya kawo abin da ake jira. Inna ta ce ai sai a aiko da babur ɗin nan gida in yi aikin a Sokode, ga ɗaki ga tuwo. Na ce a'a. Ban iya tunanin ranar da wanda muka yi aji ɗaya zai ɗaga mini hannu a bakin titi ba, ko surukar yayana ta hau bayana da kwandon kifi tana tayin kuɗin. Baba ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Tafi." Gida sun san abin da nake yi. Unguwa kuwa abin da aka gaya mata shi ne ina arewa wajen kawuna, kuma ba ƙarya aka yi ba.

A Dapaong na shiga wata rumfar 'yan zemijan kusa da tasha. Akwai 'yan Moba, mutanen yankin, akwai Mosawa, akwai irinmu 'yan zango, Hausar kasuwa ce ta haɗa mu. Wanda ya riƙe ni kamar ƙane wani dattijo ne ɗan Moba, tsohon manomin auduga da ya bar ƙauye ya dawo gari. Yaya nake ce masa. Shi ya nuna mini lungunan garin, da hanyar da ke cin taya in an yi ruwa, da yadda ake ɗaure buhu a baya kada ya ja mutum ƙasa. Abu ɗaya ne ya kasa raba ni da shi, hular kwano. Sauran in zafi ya tsananta sukan rataye tasu a hannun babur in ba su hango 'yan sanda ba. Ni tawa mai baƙin gilashi ce, kuma ba ta barin kaina sai in zan yi salla ko zan ci abinci. Motocin Sokode a tashar nan suke sauke mutane, ban san ranar da wani ɗan Didawure zai sauko ba. 'Yan rumfa sukan tsokane ni cewa da kwanon aka haife ni.

Wata rana da hantsi, farkon damina, motar kudu ta iso. Muka yi caa a kanta kamar yadda muka saba. Wani dogon mutum siriri ya sauko da jaka a kafaɗa, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Kafin in ga fuskarsa na gane tafiyar. Farfesa ne, malaminmu na jami'a, wanda ya koya mana darasin birane da ƙwadago. Shi ma ɗan Didawure ne, kuma in ya zo gida hutu a teburin Baba yake sayen nama. A aji ya san ni sarai, domin ni ne mai yawan ɗaga hannu. Ya taɓa kirana ofishinsa ya ce kada in tsaya a lisans, in wuce gaba, ina da kan abin.

Na so in ja baya, amma babura sun toshe ni ta ko'ina. Ya dubi 'yan rumfarmu da kawunansu a buɗe, ya dube ni, ya nuna ni da yatsa.

"Kai mai hula, kai ne kake son ranka. Kai ni masauki."

Ya faɗi wurin. Na gyaɗa kai. Ya hau, ya dafa kafaɗata, na ji kamar an ɗora mini garwashi.

Ba mu yi nisa ba ya fara abin da na san zai yi. Da Hausa ya tambaye ni, "Tun yaushe kake wannan aiki?"

Na shaƙe muryata, na kwaikwayi Hausar 'yan Moba, irin wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Ya daɗe kaɗan."

"Da man fetur ya tashi, kun ƙara wa fasinja kuɗi?"

"Kaɗan."

"Me ya hana ku ƙara da yawa?"

Na san amsar. Shi ya koya mini ita, a tsaye gaban allo da alli a hannu. Idan masu sayar da abu suka yi yawa kuma kowa na iya shigowa, babu mai ikon ɗaga farashi shi kaɗai. Jimlar tana kan harshena da Faransanci, yadda na taɓa rubuta masa ita a jarrabawa. Na haɗiye ta na ce, "Babur ya yi yawa."

"Haka ne," in ji shi, da jin daɗi. "Babur ya yi yawa."

A ƙofar masauki ya sauka ya biya ni, na karɓa ban ko duba ba, na fizgi babur. Sai da na kai bayan kasuwa na tsaya a gindin wata bishiya na cire hular, gumi yana zuba har cikin idona. Ranar ban ƙara ɗaukar kowa ba. Na ce wa raina baƙo ne, kwana kaɗan zai yi ya wuce.

Ashe wajenmu ya zo. Bayan kwana biyu shugaban rumfarmu, wanda muke kira Firizidan, ya ce kowa ya tsaya bayan azahar, wani babban malami daga jami'a yana bincike a kan yadda gari ke faɗaɗa da yadda kaya ke tsada, yana son jin ta bakinmu. Na ce ina da fasinja. Firizidan ya ce wanda ya tafi kada ya dawo layi gobe. Na zauna can baya a kan babur ɗina, da hula a kai.

Farfesa ya zo ya zauna a benci kamar ɗayanmu. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce shekarunsa da yawa yana son ya gane abu ɗaya: garuruwanmu suna cika da mutane, gidaje suna cin gonaki, amma ba a gina masana'antar da za ta ɗauki mutanen ba, to da me suke rayuwa, kuma yaya suke yi in masara da haya da mai suka tashi, abin da suke samu bai tashi ba? Ya yi tambaya, aka yi ta ba shi amsa, wani da Hausa, wani da Moba ana fassarawa. Ya zo kan karatu. Wa ya yi firamare? Hannaye suka tashi. Wa ya yi sakandare? Suka ragu.

Firizidan ya miƙe yana murmushi. Shi kaɗai ya san sirrina, don ya ga takarduna ranar da na shiga ƙungiya. Ba tona ni ya yi niyya ba, alfahari yake yi.

"Farfesa, kada ka raina mu. A rumfar nan muna da mai lisans. Ga shi can. Kai, cire kwanon nan, babba yana magana."

Duk suka juyo. Na tsaya kamar an dasa ni. Yaya ya taɓa gwiwata ya ce, "Cire mana." Na kai hannu na kwance igiyar.

Farfesa ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane, na ga kuma lokacin da ya gane hular. Bai kira sunana ba. Ya ce kawai, "Sannu, ɗan gidan mahauta. Ina wajen Baba?"

"Lafiya lau, Farfesa."

"Madalla." Ya juya ya ci gaba da tambayoyinsa kamar ba abin da ya faru. Na gode masa a raina, amma da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da aka watse ya ce in kai shi masauki. Wannan karon bai tambaye ni komai a hanya ba. Da muka isa ya ce in kashe babur, muka zauna a wajen mai shayi da ke bakin ƙofa. Na fara ba shi haƙuri a kan ranar tasha. Ya ɗaga hannu.

"Bar wannan. Hausarka ta Moba ba ta da kyau, amma ta ruɗe ni." Ya kurɓi shayi. "Tambaya ɗaya zan yi maka, irin wadda nake yi wa kowa. A Sokode akwai titi, akwai fasinja, akwai tuwon gida. Me ya kawo ka nan?"

Na so in ce kawuna ne. Na dubi ƙasa na ce, "Kunya."

Na zaci zai yi mamaki, ko ya tausaya mini. Sai ya gyaɗa kai kamar likitan da ya ji ciwon da ya saba gani.

"Ba kai ne na farko ba. A Sokode na zauna da 'yan zemijan kafin in taho. Akwai 'yan Dapaong masu takarda a cikinsu, su ma abin da suka gaya mini ke nan. Kai ka bar musu garinka, su sun bar maka nasu. Kowa ya tafi ya biya hayar ɗaki a inda ba a san shi ba, hayar kuma tana ta tashi, kuna cikin masu tashe ta."

Maganar ta fi zagi zafi. Ina ɗauke da abin nan kamar wani babban sirri da ba wanda ya taɓa shiga irinsa, ashe layi ne a cikin binciken malamina.

Kafin in tashi ya ce yana neman wanda zai taya shi aiki na 'yan makonni, mai jin Hausa da Faransanci da ya san gari. Ya ce ba aikin dindindin ba ne, kada in sa rai da abin da bai ce ba. Na amsa tun bai rufe baki ba.

Makonnin nan na farfaɗo kamar shukar da ta sami ruwa. Da safe in ɗauke shi mu fita gefen gari inda sabbin gidaje ke tsirowa a tsakiyar gonakin dawa. Mu zauna da magina da masu buga bulo, da matan da ke ɗebo musu ruwa a ka. Mun shiga gidajen da iyali guda suka cunkushe a ɗaki ɗaya, mutanen ƙauyukan bakin iyaka da rashin kwanciyar hankali ya koro, manoma da ba su da gona, suna neman kowane irin aiki a kowane irin lada. Mun zauna da masu sayar da koko da suka ce ba su ƙara kuɗi ba, ludayin suka rage. Farfesa yana son irin wannan amsa. Ya ce tsada ba a baki kaɗai take ba, wani lokaci a cikin ludayi take ɓuya. Da yamma mu zauna mu tace abin da muka ji, ya riƙa jan ni da gardama kamar a aji, ni kuma kalmomin da na zaci sun mutu suna dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Na sayi riga mai dogon hannu. Na daina zama a rumfa sai in aiki ya kai ni. Ranar da aikin ya kai ni kuwa, Farfesa ya ce in zauna da 'yan rumfarmu ɗaya bayan ɗaya in ji tarihin kowa, tunda sun saba da ni. Yawancinsu wasa suka mai da abin, suna ce mini Musye suna sara mini. Da na zo kan Yaya sai ya ƙi zama. Yana goge babur ɗinsa, bai ɗago ba.

"Yaya, tambayoyi ne kaɗan."

"Ni ma ina da tambaya," in ji shi. "Kwanon nan da kake sawa, ni na ce yaron nan yana tsoron haɗari, yana da hankali. Har na ce wa ɗana ya yi koyi da kai. Ashe fuska kake ɓoyewa."

"Ba haka ba ne, Yaya."

"To yaya ne? Aikin da nake ci da iyalina da shi, kai a wajenka abin rufe fuska ne. Kullum muna cin abinci kwano ɗaya, kana kallonmu kana cewa Allah kada a gan ni da waɗannan."

Ban taɓa raina shi ba, Allah ya sani. Amma ban iya nuna masa inda maganarsa ta karkace ba. Ya tada babur ya tafi neman fasinja, ya bar ni tsaye da sabuwar rigata.

Da aka gama Dapaong, Farfesa ya ce akwai sauran aiki a Sokode, wajen 'yan kasuwa da masu sana'a, in ina so in biyo shi. Jami'a ta aiko masa da mota a wannan karon, fara, da direba. Muka bi ta Mango da Kara muka gangara. A motar nan aka sauke ni a ƙofar gidanmu, da rana tsaka, unguwa tana kallo. Yara suka kewaye ta. Maƙwabta suka fito suna cewa, "Musye Ekonomi ya dawo! Ashe abin ya samu!" Ban ce ya samu ba. Ban kuma ce bai samu ba. Na yi ta amsa gaisuwa ina murmushi, daɗin abin yana ratsa ni, ƙasan daɗin kuma wani abu yana cizona.

Kwana na uku muka shiga layin mahauta. Na roƙi Farfesa ya bar ni in tafi wajen maɗinka, ya ce ai nan ne aka fi saninka, za su fi sakin baki. Mahauta suka taru a inuwar rumfar Baba, don shi ne babba a layin. Aka yi maganar shanu, yadda suke wuyar samu tun da hanyoyin arewa suka lalace, da yadda mai sayen kilo ya koma rabi, mai rabi ya koma tsoka biyu da ƙashi. Ni ina gefe ina rubutawa. Sai Farfesa ya zo kan tambayar da yake yi wa kowane mai gida.

"Alhaji, 'ya'yanka da suka girma, wace sana'a kowa yake yi?"

Ban sani ba ko ya manta ina wurin ne, ko kuwa ya zaci Baba zai tsallake ni. Baba ya goge hannu a tsumma ya fara lissafi. Babban yana nan tare da shi. Na biyu yana sayo dabbobi. Mace ɗaya tana aure a Sotouboua tana sayar da atamfa. Sannan ya nuna ni da haɓa.

"Wannan kuma zemijan yake yi a Dapaong. Yanzu dai Farfesa ya ɗauke shi na ɗan lokaci. In an gama zai koma kan babur ɗinsa."

Da ƙarfi ya faɗa, yadda yake faɗin farashin nama. Alƙalamin ya tsaya a hannuna. Ban ɗago ba, ina jiran dariya.

Ba a yi ta ba, ko in ce ba a yi irin wadda na shekara ina ji a mafarki ba. Wani mahauci ya tambaye ni wane irin babur ne, yana shan mai? Wani ya ce nasa ɗan ma yana yi a Lome, da takardarsa ta lissafi. Aka koma maganar shanu. Amma akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta zo sayen hanta, ita ta tafa hannu ta ce, "Oho! Musye Ekonomi a kan babur! To farar motar fa?" Ta tafi tana ƙyalƙyala dariya, na kuma san kafin la'asar labarin ya gama Didawure.

Farfesa ya ba ni haƙuri a hanya. Na ce ba komai. Da yamma bayan magariba na sami Baba a zaure yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, da ka ce ina wajen kawu."

"Na gaji da cewa kana wajen kawu," in ji shi. "Kullum sai an tambaye ni, kullum sai in karkata baki kamar wanda ɗansa yake kurkuku. Sata kake yi?"

"A'a, Baba."

"To. Ni na hana ka wuƙa, na ce alƙalami. In akwai wanda zai sunkuyar da kai a wannan magana, ni ne, kuma ban sunkuyar ba. Mutumin nan ya zo neman gaskiyar yadda muke, in ba shi ƙarya a gaban ɗana?"

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na jira ko zai ƙara wani abu mai sanyi, bai ƙara ba.

Kwanakin da suka rage na yi su kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ba wanda ya tare ni da magana, amma gaisuwa ta canza. Masu cewa abin ya samu suka koma cewa Allah ya kawo mafita. Wani abokin ƙuruciya ya ce in na koma in duba masa farashin babur na hannu a can.

Ranar ƙarshe na raka Farfesa har bakin mota. Ya riga ya gaya mini tun farko kada in sa rai, amma na kasa riƙe bakina. Na ce ko akwai wani gurbi a wajensa, ko na share ofis ne, ko na ɗaukar jaka. Na ji ƙyamar kaina, amma na ci gaba har na gama.

Ya cire tabarau ya murza ido. "Da ina da shi, da ban bari ka roƙa ba. Waɗanda suka yi digiri na uku a hannuna suna nan suna jira. Abin da na iya shi ne in rubuta yadda abin yake, in kai wa masu iko, in sake rubutawa. Ban san ko suna karantawa ba." Ya riƙe hannuna ya daɗe. "Ka yi aiki mai kyau. In na sake samun bincike a arewa zan neme ka."

Ya neme ni sau ɗaya bayan haka, muka yi ɗan gajeren aiki a kan hayar ɗakuna. Na kuma ji muryarsa a rediyo wata rana ina jiran fasinja, yana bayani a kan garuruwan da ke girma ba tare da aikin yi ya girma ba. Na ƙara sauti, 'yan rumfa suka matso, Firizidan yana cewa ai a bencin nan ya zauna.

Na koma Dapaong na koma layi. Yaya ya daɗe ba ya amsa mini fiye da gaisuwa. Ban sake ƙoƙarin wanke kaina a wajensa ba, don ban san da me zan wanke ba. Sai ranar da tayata ta fashe a hanyar wani ƙauye, ya wuce ni da fasinja, ya sauke shi ya dawo da faci da famfo. Muka gyara tare. Da muka gama ya ce, "Gobe matata za ta kawo tuwo, kada ka sayi abinci." Daga nan muka ci gaba.

Yanzu da safe ina koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta, abin da suke biya ba ya kai wata, don haka da rana ina kan babur. Na yi aure a can. 'Yan ajina sun san sana'ata ta biyu, wasu iyayensu ma fasinjojina ne.

Sallar layya da ta wuce na je gida. Washegari Inna za ta tafi Sotouboua suna, ƙanwata ta haihu. Ba a sami mai kai ta tasha ba, ga babur ɗin yayana a zaure. Ta ce, "Kai da sana'arka ce, tashi ka kai ni." Na ɗaure mata kayanta yadda aka koya mini, ta hau. Inna ba ta wuce mutum ba ta gaisa ba. Kowace ƙofa sai ta taɓa bayana ta ce in rage gudu, ta tambayi lafiyar gida, a yi mata barka, a dube ni a ce, "A'a, direba ne yau?" Ina amsawa ina dariya, wuyana yana zafi. Tafiyar da ba ta da nisa sai da ta zama mini kamar zuwa Mango.

A tasha na sa ta a mota, na jira har suka tashi. Ina juya babur sai wata mata da ban sani ba, da buhun gawayi a gabanta da goyo a baya, ta ɗaga mini hannu.

"Zemijan, Didawure za ka kai ni."

Hanyata ce, gida zan koma, bayana kuma ba kowa. Na dubi buhun, na san ma yadda zan ɗaure shi. Na ce mata, "Yi haƙuri, ba na aiki." Ta juya ta kira wani, ni kuma na koma gida ni kaɗai.